Kuka Ba Rashin Haƙuri Ba Ne

A gidan makoki, ko a Apo ko a Sakkwato, kalmar da aka fi ji ita ce "haƙuri". Wasu har tsawata wa mai zubar da hawaye suke yi. A ganina, kuskure ne.

Dubi Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Malama ce mai tsoron Allah, amma ba ta ɓoye baƙin cikinta ba. Da ɗan'uwanta Muhammadu Bello ya rasu a 1837, ta yi masa waƙar ta'aziyya. Haka ta yi wa mijinta, Waziri Giɗaɗo. Ta bayyana kewarsu, ta ambaci kyawawan halayensu, ta yi musu addu'a, jama'a kuma suka saurara.

A 1845, mawaƙin Amurka Edgar Allan Poe ya wallafa "The Raven". Waƙar tana ba da labarin wani mutum da ya rasa masoyiyarsa Lenore, yana zaune shi kaɗai cikin ɗaki da tsakar dare. Sai wani hankaka ya shigo, yana maimaita masa amsa guda mai yanke ƙauna, har hankalinsa ya soma gushewa. Ba hawaye ne suka illata shi ba. Babu wanda ya zo yi masa ta'aziyya, sai tsuntsu.