Hadari Namu, Labari Nasu



Tambaya guda gare ni zuwa ga hukumomi: don me makiyayi ne na ƙarshen jin labarin sama, alhali shi ne na farkon shan wahalarta?

Ku ji abin mamaki. Hadarin nan da ke tasowa daga gabas da damana, ya bi ta Cadi, ya ratsa Nijar da Mali, ba duka ne ke ƙarewa a kanmu ba. Wani yakan faɗa teku ta bakin Senegal, ya sha ɗumin ruwa, ya zama babbar guguwa mai rushe gidaje a Amurka. Shi ya sa Amurkawa ba su wasa da shi. Tun watan Mayu hukumarsu take shelar yadda take zaton shekara za ta kasance, kafin lokacin guguwar ya kama daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba. Hadari ya bi ta kan garkenmu, amma su ke da labarinsa!

Kada a ce ba mu da masana. Bayan farin 1973 aka kafa cibiyar Agrhymet a Yamai cikin 1974. Kowace shekara wajen ƙarshen Afrilu masanan ƙasashenmu sukan taru su faɗi abin da suke hange: ko damana za ta yi wuri ko jinkiri, ko da ƙarancin ruwa ko ambaliya. To ina labarin yake maƙalewa? A takarda, da Faransanci, cikin ofis. Wa ya taɓa ganin takarda ta bi saniya daji?

Mun ga abin da rashin sani yake jawowa. A 2010 ciyawa ta ƙare, shanu suka rame, mahauta suka saye su kamar kyauta, ruwan farko kuma ya zo da sanyi da ambaliya ya kwashe saura. A bazarar 2024, cikin azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a Kayes ta Mali. Irin wannan zafi shi ke ƙafar da tabki kafin lokacinsa, ya tara garke goma a bakin rijiya guda.

Wani zai ce ruwa na Allah ne. Gaskiya ne, masana ma sukan yi kuskure. Amma wanda ya ga hadari ya kwashe shanya bai yi saɓo ba. Mu ma da laifinmu: muna riƙe bijimi don kunyar a ce mun sayar, har kuɗinsa ya koma na akuya.

Abin da muke nema ba shi da yawa. A faɗi labarin damana da na zafi a rediyo da Hausa da Fulatanci da Buzanci, a maimaita shi ran kasuwa a tike. A sanar da arɗo da garso kafin garke ya ɗaga. A kawo dusa da angurya tun cikin bazara, ba sai dabba ta kwanta ba. A buɗe burtali da mashaya da gonaki suka cinye, don labari ba ya amfanar wanda aka tare wa hanya.

Jangali bai taɓa ɓatan hanyar ruga ba. To labarin sama ma ya bi wannan hanyar.

Allah ya ba mu damana mai albarka.