Shaihu Umar a Hanyar Libiya, Malam Zurƙe da Alat na Bogi

Ranar wata Juma'a da daddare na shiga ɗakin kallo na hostel ɗinmu, na tarar da mutum ya fi ashirin sun zuba wa talabijin ido, ana kallon fassarar wani fim ɗin Indiya. Labarin dai wanda kuka sani ne: talaka na son yarinya, mai kuɗi ya ƙwace ta, talaka ya sha alwashin ɗaukar fansa. Na ce wa na kusa da ni, "Malam, ai wannan Jiki Magayi ne aka sa masa rawa da waƙa." Ya waiwayo ya ce, "Wane fim ne kuma Jiki Magayi? Na Ali Nuhu ne?"

Ban yi masa dariya ba, don ni kaina ba don jarrabawar Hausa ta sakandare ba da ban taɓa buɗe littafin ba. Amma abin ya tsaya mini a rai. Muna ƙona data muna bin labarin da aka yi aro daga Mumbai ko Santambul, ga namu nan a laburare ƙura ta rufe shi.

Ra'ayina shi ne, tsofaffin littattafan Hausa sun fi yawancin labaran da ake ɗora mana a fim yau ƙashi da tsoka, kuma hanyar da za su rayu ita ce a sake ba da su a cikin zamaninmu. Ba ina nufin a tara dawaki da rawuna a yi mana fim ɗin tarihi ba. Ina nufin a ɗauki labarin a sa masa wayar salula a hannu, a sauke shi a unguwarmu.

Mu fara da Jiki Magayin, wanda John Tafida da Rupert East suka rubuta. Abubakar na son Zainab, sai Malam Shaihu, attajirin da bai samu haihuwa ba, ya raba su da ƙarfin dukiya. Abubakar ya bazama neman asirin ramuwa, kuma asirin bai faɗa kan kowa ba sai ɗan da Zainab ta haifa, wato Kyauta, wanda ya tashi ɓarawo har ya kai ga kashe ubansa bai sani ba. To a mayar da Abubakar mai HND da ke zaune a rumfar POS, Malam Shaihu ya zama ɗan kwangila, Kyauta kuma ya faɗa ƙwaya da ƙwacen waya. Me ya rage? Tambayar littafin tana nan daram: idan manya suka yi gaba, wa ke biyan bashin? Ɗan da bai ji ba bai gani ba.

Sai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan da suka fito daga gasar da Hukumar Talifi ta Zariya ta shirya a 1933. An sace Umar yana ƙarami, ya faɗa hannun masu cinikin bayi, aka ƙetara Sahara da shi. Mahaifiyarsa ta bi sawunsa, ita ma aka bautar da ita, ta bi ta Murzuƙ har Tarabulus, kuma ba ta daɗe da sake ganinsa ba ta rasu. Murzuƙ da Tarabulus duk a Libiya suke yau, ƙasar da a 2017 gidan talabijin na CNN ya nuna ana gwanjon 'yan ci-rani baƙar fata a cikinta. Hanyar da raƙuma suka bi jiya, ita motocin Hilux ke bi yau daga Agadas. Uwar da ke sayar da gona da akuya don a sako mata ɗanta kuwa, ba sai an je nesa neman ta ba, wasunmu daga ƙauyukansu suka zo makarantar nan. Adamu Halilu ya yi fim ɗin littafin a 1976, an kuma gyara shi aka nuna a bikin fina-finai na Balin a 2018. Jamusawa sun zauna sun kalla, mu nawa ne a nan muka gan shi? In aka sake shi a yau, ni ta idon uwar zan so a ba da labarin, don ita ce ta fi kowa shan wuya a cikinsa.

Kada a ce duk na kuka na kawo. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam kamar don fim mai dogon zango aka rubuta shi. Alhaji Imam ya fita neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, duk garin da ya sauka sai ya ci karo da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, wannan ya damfari wancan, wancan ya rama. Kowane gari fitowa guda ke nan. Ku ɗauka Zurƙe na yau ne: yau mai maganin basir da lasifika a tasha, gobe mai tura alat na bogi, jibi malamin TikTok mai raba lambar asusu. Wallahi da an samu marubuci mai hannu da 'yan wasa biyu da suka iya, masu bin Gidan Badamasi ba za su bar shi ya wuce su ba.

Akwai kuma Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, na 1982, labarin Alhaji Gabatari ɗan fasa-ƙwauri da yadda kuɗinsa ke rufe bakin ma'aikata. Duk wanda ya ga abin da ya faru da farashin shinkafa bayan rufe iyakoki a 2019 ya san wannan littafi bai tsufa ba. Ga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, na 1980, inda Boɗaɗo, 'yar Fulani, ta dage sai wanda take so ko da ba ɗan ƙabilarta ba ne. A yau da aka mayar da sunan Bafulatani abin zargi a bakin wasu, fim ɗin da zai shiga ruga ya nuna mutane a matsayin mutane ba ƙaramin aiki zai yi ba. 'Yan sashen kwamfuta kuma ga naku: Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, yaron da aka ɗauka aka yi sararin samaniya da shi. Katun yake jira.

Na san abin da wasu malamanmu za su ce: "Za ku ɓata mana littattafai." Tsoronsu yana da tushe, don mun sha ganin an ɗauki labari mai nauyi an cusa masa waƙa biyar da tallar atamfa. Amma a tuna, shi kansa Abubakar Imam abin da ya yi ke nan a Magana Jari Ce. Ya ɗebo labarai daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai da na Indiya, ya yi musu wankan Hausa har muka ɗauka a tsakar gidanmu aka haife su. Da aka mayar da littafin wasan talabijin a NTA Kaduna, su marigayi Ƙasimu Yero suka fito a ciki, bai rage masa daraja ba, sai ma ya kai shi gidajen da ba a karatun boko. Sharaɗin ɗaya ne: a canza riga, kada a taɓa ƙashin bayan labari. In ka yi Jiki Magayi ya ƙare da biki da liƙi, to wani abu ka yi daban, ka nema masa suna.

Wani hanzarin kuma na haƙƙin mallaka ne, kuma ba abin wasa ba ne. Dokar Nijeriya tana kare littafi har shekara 70 bayan rasuwar marubucinsa. Tafawa Ɓalewa ya rasu a 1966, Imam a 1981, wasu marubutan ma suna raye. Don haka ba kayan tsintuwa ba ne. Mai son yi ya nemi izinin marubuci ko magadansa da kamfanin da ya buga, irin su NNPC ta Zariya. Wanda ya saci littafin gida bai fi wanda ya saci fim ɗin Indiya ba.

To wa zai fara? Kannywood kasuwa ce, furodusa ba zai zuba kuɗinsa a abin da bai ga an gwada ba. Mu kuwa nan kwalejin kimiyya da fasaha ce, sana'ar hannu muka zo koya. Muna da 'yan aikin jarida masu kyamara, 'yan lantarki da za su iya haɗa fitila da sauti, 'yan ɗinki da zane, 'yan kwamfuta masu tace hoto. Duk shekara muna rubuta aikin kammala karatu, a yi masa bango mai kauri a jibge a ofis, ko mai shi ba ya sake buɗewa. Me zai hana sassa uku ko huɗu su haɗu su fitar da fim na minti goma sha biyar daga babi ɗaya?

Ina roƙon shugabannin ƙungiyar ɗalibai su sa wannan cikin shirin makon al'adu mai zuwa: a rubuta takardar neman izini tun yanzu, a zaɓi littafi ɗaya, a buɗe gasar tsara labari, a nuna wanda ya yi nasara a babban ɗakin taro. Kafin nan, ka leƙa laburare ka ari ɗaya daga cikinsu. Yawancinsu sirara ne, ba su kai handawut ɗin kwas ɗaya kauri ba.

Shi kuwa abokina na ɗakin kallo, na ba shi aron Jiki Magayi. Bayan kwana biyu ya dawo mini da shi yana faɗa, wai don me aka bar Kyauta ya ɗauki laifin da ba nasa ba. Har yau ba mu gama musun ba.