Manhaja Mai Tsada Ba Ta Rufe Ƙofar da Aka Bari a Buɗe

Iƙirarin da wani marubuci ya wallafa, wai kamfanin da ya sayi manhajar tsaro mai tsada ya gama da masu kutse, zance ne mara tushe. Colonial Pipeline, babban kamfanin bututun mai na Amurka, ai ba kuɗin manhaja ya rasa ba. A shekarar 2021 aka kutsa cikin kwamfutocinsa da kalmar sirri guda ta wani asusu da aka daina amfani da shi amma aka yi sakacin rufewa, asusun kuma ba ya neman lambar tabbatarwa ta biyu. Bututun ya tsaya na kwanaki, layuka suka cika gidajen mai, kamfanin ya biya fansar kusan dala miliyan 4.4.