Fatawar Bakanike da Zafin Bazara

Idan hunturu ya wuce, iska ta kwanta, rana ta ƙwalle a watannin Maris da Afrilu har ma'aunin zafi ya haura 40 a Sakkwato da Maiduguri, to, wanda ya bi hanyar Kano zuwa Potiskum ba zai rasa ganin mota a gefen titi ba, tururi na tashi daga injinta, direba na yawo da jarka yana cigiyar rijiya. Akan ce ƙaddara ce, kuma babu musu a kan ƙaddara, amma galibin wannan musiba sababinta sakaci ne da kuma wata fatawa wadda kanikawanmu suka kusa yin ijma'i a kanta.

Fatawar ita ce, da zarar mota ta iso daga Kwatano sai a cire mata tamostat, bisa hujjar cewa wai don ƙasashen sanyi aka yi shi. Alhali kuwa wannan ɗan ƙarfe ƙofa ce wadda ke tsare ruwa cikin inji har ya yi ɗumi, sa'an nan ta buɗe wajen digiri 80 zuwa 90 ta sake shi zuwa lagireto. Idan aka cire ta, inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya sha mai fiye da kima, kuma a wasu motocin ruwan ya riƙa kewayawa ta gajeriyar hanya ba tare da ya bi lagireto sosai ba har inji ya ɗau zafi, wanda shi ne ainihin abin da aka ce ana gudu. Wanda ya lalace a sake sabo, wannan shi ne daidai.

Sai batun ruwa. Na rijiya da na burtsatse suna ɗauke da gishirin ƙasa, wanda ke daskarewa cikin siraran bututun lagireto kamar farin ɓawon nan na gindin butar mai shayi, ga tsatsa kuma tana cin famfon ruwa a hankali. Abin da ya wajaba shi ne a zubar da tsohon ruwa, a wanke, a zuba ruwan sanyaya inji mai launi, domin yana hana tsatsa. Murfin lagireto ma, duk da arharsa, shi ke danne ruwa har ya kai wajen 120 bai tafasa ba, maimakon 100; idan robarsa ta tsage, wannan fa'ida ta tafi.

A wanke ƙurar hunturu da ta toshe fuskar lagireto, a matsa tiyo a ji ko ya bushe ko ya kumbura, a duba fanbel, a tabbata fanka na tashi. Idan kuma allurar ma'aunin zafin inji ta hau ja a kan hanya, a tsaya a kashe inji, kada a taɓa murfi sai ya huce, gama ruwan da ke ƙarƙashinsa yana iya saɓule fatar fuska.