Murjanin Kaka da Kifin Gulbin Rima

Kakata, Allah Ya jiƙanta, tana da wani zaren murjani da take ɓoyewa a ƙasan adudu, ba ta fito da shi sai ranar Sallah ko bikin wata jikarta. Muna yara mun ɗauka dutse ne ja da ake haƙowa a wani tsauni. Sai da na girma na san cewa abin da ke wuyanta ƙashin wata ƙaramar halitta ce mai rai da ke manne da duwatsu a ƙasan Bahar Rum, wadda kaurinta ba ya ƙaruwa da ko milimita ɗaya a shekara. Wato ƙwaya guda ta wannan zaren ta yi shekaru masu yawa tana girma a cikin duhun teku, kafin wani ya karyo ta, wani ya fere ta, fatake su ratso Sahara da ita har ta iso ƙasar Gobir.

Masu wannan teku sun daɗe suna ɗiba ba lissafi. A garin Torre del Greco, kusa da Napoli a Italiya, gidaje sun yi ƙarnuka suna cin abinci da sassaƙar murjani, kuma jiragensu kan ja wani gungumen katako ko ƙarfe mai raga a ƙasan ruwa, ya kwashe babba da ƙarami. Da abin ya kusa ƙarewa sai doka ta shigo. Tarayyar Turai ta haramta wannan jan ƙarfe a 1994. Aljeriya ta rufe ɗibar murjani a 2001. Daga baya hukumar kamun kifi ta Bahar Rum ta ce kada a taɓa murjanin da ke ruwan da zurfinsa bai kai mita 50 ba, kuma kada a karya wanda kaurin gindinsa bai kai milimita 7 ba. A lura da siffar wannan izini: yana faɗin inda za a ɗiba, da girman da za a ɗiba, da kayan da za a ɗiba da shi. Kuma yana iya cewa a'a.

Akwai wata sana'a ta daban da ta fi wannan yawan kuɗi a yau, ita ce ta kama kifi da murjani da ransu domin a zuba su cikin akwatin gilashi a falon mutanen Amurka da Turai da Japan, don kallo kawai. A Filifin da Indonesiya masu nutso sun riƙa fesa gubar sayanaid a ramukan murjani, kifi ya suma a tsince shi, murjanin ya mutu a wurin, da yawa daga kifin su mutu a hanya. Yarjejeniyar CITES, wadda aka rattaba wa hannu a Washington a 1973 kuma Nijeriya na cikinta, ta sa ba a ƙetare iyaka da murjani mai tauri sai da takardar ƙasar da aka ɗebo shi. A Hawaii kuwa, kotun ƙolin jihar ta yanke a 2017 cewa ba za a ci gaba da raba lasisin kama kifin ado ba sai an fara binciken ɓarnar da hakan ke yi wa teku, kuma a farkon 2021 wata kotu ta tsayar da sana'ar a faɗin jihar. Mu ma muna cikin wannan ciniki. Daga Legas ana ɗaure kifin rafukan Nijeriya a leda mai iska a sa a jirgin sama: minjirya, da talibamban, da kurungu, da wani ɗan uwan miligi mai doguwar haɓa kamar haurin giwa. Kifin da yaro zai wurgar a bakin gulbi, wani na biyan dala a kansa.

Na san mai karatu a Sabon Birni ko Isa zai ce, ina ruwan Bagobiri da akwatin gilashi, mutumin da ke kwana da ido ɗaya a buɗe? Gaskiya ne, kifin kallo ba sana'armu ba ce. Amma tambayar da kotun Hawaii ta amsa, ita ce dai ke kwance a Gulbin Rima da Bunsuru da Gagare da kowane tafkin fadama: wa ke da ikon cewa a kama, wa ke da ikon cewa a bari, kuma da sunan wa yake magana?

Kakanninmu suna da amsa. Ruwa yana da mai shi, kuma mai shi ba mutum ɗaya ba ne. Sarkin Ruwa ne ke riƙe da shi amana a madadin gari, ƙarƙashin hakimi. Idan ambaliyar damina ta janye ta bar tafkuna cike da ƙananan tarwaɗa da karfasa, akan sa wa wasu tafkunan hannu, ba mai jefa ko ƙugiya. Kifi ya yi wata da watanni yana ƙiba. Sai rani ya yi nisa, hatsi ya fara ƙasa a rumbu, sannan a yi shela a kasuwanni cewa ran kaza za a yi su a tafki kaza. Ranar kowa ya zo da homarsa da gorarsa, na kusa da na nesa, ba mai shiga sai Sarkin Ruwa ya ba da izini. Mai unguwa ya sami rabonsa, tsohuwar da ba ta da mai shiga mata ruwa a aika mata da na miya. Abin da duniya ke zuwa kallo a Argungu, wanda aka mayar da shi babban biki tun ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016, ba wani abu ba ne illa wannan tsari. Manyan giwan ruwan da ake fitarwa a Matan Fada sun yi girma ne domin an hana taɓa wurin kafin ranar. Mutane na tafa wa wanda ya kama. Ni wanda ya hana nake jinjina wa.

Musulunci bai zo ya rushe wannan ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe hurumin Naƙi'u kusa da Madina, Sayyadina Umar ya keɓe na Rabaza, domin amfanin jama'a. A mazhabarmu ta Malikiyya duk abin da ke rayuwa a ruwa halal ne a ci, amma halaccin ci bai taɓa zama izinin ɓarna ba. Mutumin da ya zuba maganin ƙwari na Gamalin a tafki da dare, safiya ta yi ya kwashe abin da ya taso, ya ci haƙƙin mutane uku a lokaci guda: masuncin da zai zo bayansa, makiyayin da shanunsa za su sha, da matar da za ta sayi bandar kifin a kasuwa ta sa wa 'ya'yanta a miya ba ta san abin da ya kashe shi ba. Sinadarin da ke cikin wannan magani, lindan, duniya ta sa shi cikin jerin gubobin da za a daina a ƙarƙashin yarjejeniyar Stockholm tun 2009. Haka wanda ya ɗinke gidan sauron da aka raba don kare yara daga zazzaɓi ya mayar da shi taru, yana tace ruwa har da ƙwai da 'ya'yan kifin da ba su kai ɗan yatsa ba. Bana ya cika kwando. Baɗi fa?

Ba rashin doka ba ne ke damunmu. Dokar Kamun Kifi a Ruwayen Cikin Ƙasa, mai lamba 108 ta 1992, ta haramta guba da nakiya da lantarki wajen kamun kifi. Ta hana ragar da idonta bai kai milimita 76 ba, wato inci uku, in ban da wasu keɓaɓɓun kaya. Ta ba kwamishinan jiha ikon rufe wani ruwa ko wani lokaci na shekara. Ta kuma ce ba a fita da kifi mai rai daga ƙasar nan ko a shigo da shi sai da yardar minista. Doka ce mai kyau a takarda. Amma a yawancin bakin ruwanmu, abin da masunci ya sani game da hukuma shi ne mai rasit. Ya zo, ya karɓa, ya yaga takarda, ya tafi, bai ɗaga ragar ya duba idonta ba. Na taɓa tsayawa a bakin wani tafki ina kallon haka, sai wani dattijo da ke gyaran kallinsa ya ce da ni: "Ɗana, wannan kuɗin kifi yake karɓa, ba kifi yake tsaro ba." Izinin da duk mai kuɗi zai samu, kuma ba a taɓa hana kowa ba, haraji ne kawai aka sauya wa suna.

Kuma a yankinmu akwai wani mai karɓa na daban, wanda ya fi kowa muni. Ƙauyuka da dama a Sabon Birni da Isa sun biya 'yan bindiga kuɗi kafin su yi shuka, sun sake biya kafin su yi girbi. A watan Agustan 2024 aka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun waɗanda suka sace shi. Idan an yi wa mai rawani haka, da wane baki Sarkin Ruwa zai tsaya ya ce wannan tafki a rufe yake? Wanda aka koro daga gonarsa, yana zaune a makarantar firamare da iyali goma, idan ya ja gidan sauro a ruwa don ya sami abin sa wa a tukunya, ba zan fara da zaginsa ba. Laifi ne, amma akwai waɗanda suka riga shi laifi.

Hukuma ma tana ɗiba daga gulbi ba ta nemi izinin kowa ba. Kifin fadama ambaliya ce uwarsa. Sai ruwa ya malala cikin ciyawa yake zuba ƙwai. Gulbin Maraɗi yakan taso daga ƙasar Katsina, ya shiga Nijar, ya dawo ya faɗa Rima a yankinmu, kuma tun da aka datse shi a Jibiya ruwan da ke saukowa ya ragu. A ƙasa da mu ga madatsar Goronyo, da aka gama a 1984, mai ɗaukar ruwa mita kubik miliyan 942, ta tsaya tsakaninmu da kifin da kan hauro daga ƙasan gulbi. Nijeriya da Nijar sun sa hannu a Maiduguri a 1990 kan raba ruwayen da suka haɗa su, har da Gulbin Maraɗi. Masunci bai zauna a teburin ba.

Abin da nake roƙo ba sabon abu ba ne, an gwada shi a ƙasar nan. A tafkin Kainji, a ƙarshen shekarun 1990, wani shirin haɗin gwiwar Nijeriya da Jamus ya yi yaƙi da tarun dala mai kwashe 'ya'yan kifi, kuma bai yi tasiri ba sai da aka sa sarakuna da sarakunan ruwa a gaba, aka bi ta hannunsu wajen raba lasisi. Gwamnatin Sakkwato na iya yin haka a nan. A rubuta sunan kowane tafki da Sarkin Ruwansa. A mayar da shelarsa ta rufe ruwa ta zama umurnin da kotu za ta tsaya a kai. Lasisi ya faɗi irin raga da watannin kamu, a karɓe shi daga wanda ya saɓa, a bar wani kaso na kuɗin a garin da ruwan yake. Ranka ya daɗe Kwamishina, ba sai an jira daji ya lafa gaba ɗaya ba. Akwai tafkuna a gefen garin Sabon Birni da na Isa da jami'i zai iya zuwa da rana ya dawo. A zaɓi biyu ko uku bana, a rufe su daga janyewar ruwa zuwa bazara, a yi shelar ranar su a kasuwa da masallacin Juma'a, a auna abin da aka kama a rubuta, baɗi a sake aunawa.