Ra'ayinmu: A Auna Dutse Kafin A Niƙa Shi

Duk wanda ya taɓa zuwa ramin haƙar zinariya a Anka ko Birnin Gwari ya san yadda ake cinikin dutse. Mai saye ya ɗauka, ya jujjuya a tafin hannu, ya dubi launi, sannan ya faɗi kuɗi. Ido ne ma'auni. Amma akwai ƙarafa da ke ɓoye cikin dutse waɗanda yawansu bai wuce kashi 'yan ɗaruruwa cikin miliyan ɗaya ba, kuma babu idon da zai gan su. Wasunsu dukiya ne, wasunsu kuwa guba.

Masana ilmin duwatsu suna da na'urar da ke gano su, wadda ake kira XRF. Ana niƙa dutse ya zama gari lilis, a danne shi ya zama kamar kwabo, sannan a haska masa hasken eksire, watau irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙirji da shi a asibiti. Da hasken ya bugi garin, sai kowane ƙarfe da ke ciki ya maido da nasa hasken, kuma na kowane ya sha bamban da na ɗan'uwansa, kamar yadda zanen yatsa yake. Irin hasken shi ke faɗin sunan ƙarfen, ƙarfinsa kuma ya faɗi yawansa. Wani Bature ɗan Ingila, Henry Moseley, shi ya gano ƙa'idar wannan tun 1913. Yanzu har akwai 'yar ƙarama ta hannu, wadda ke ba da amsa cikin minti ɗaya ko biyu.

Mun riga mun ga abin da rashin awo ke jawowa. A 2010 aka gano cewa yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum cikin Jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma. Dutsen zinariyar da ake kawowa gida a daka a turmi ko a niƙa a inji cike yake da dalma. Yara fiye da 400 suka rasu. Da ma'aikata suka shiga gidajen da wannan na'ura ta hannu, sai suka tarar a wasu wurare dalmar da ke cikin ƙasa ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, alhali a lokacin Amurka ba ta yarda ta wuce kashi 400 ba a inda yara ke wasa. A 2015 abin ya sake faruwa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka mutu. Na'urar ta zo, amma bayan an binne yara. Da an auna dutsen tun a bakin rami, da ba a kai shi tsakar gida ba.

Ba maganar rai kaɗai ba ce, har da ta aljihu. Shekaru da dama masu haƙar kuza a Jos suna zubar da baƙin yashin kolombait a matsayin shara, kafin duniya ta fara nemansa, har Nijeriya ta zama kan gaba wajen sayar da shi a shekarun 1950. Wanda bai san abin da ke hannunsa ba, shi ake yi wa sayen wulaƙanci.

Sai dai kada a ɗauka na'urar tsafi ce. Ba ta ganin lithiyam, wanda ake rububinsa a Nasarawa, domin ya cika rashin nauyi. Idan zinariya ta yi ƙaranci ƙwarai, dole a koma ga tsohon gwaji na narkawa a wuta. Hasken dalma da na arsenik sukan hau kan juna, su ruɗe wanda bai ƙware ba. Kuma in aka ɗora ta kan dutsen da ba a niƙa ba, fatarsa kurum za ta karanta. Saboda haka sayen na'ura ba tare da horar da mai riƙe ta ba, ɓarnar kuɗin jama'a ne.

Masu ilmin ba su yi mana ƙaranci ba. Hukumar binciken duwatsu ta ƙasa tana aiki tun 1919, tana kuma da ɗakin gwaji a Kaduna. Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ita ma ta daɗe tana irin wannan awo. Matsalar ita ce mai haƙa a Bagega ba zai ɗauki buhun dutse zuwa Zariya ba.

Don haka muna kira ga Gwamnatin Tarayya da gwamnatocin jihohin da ake haƙa a cikinsu su kai awon inda dutsen yake. A ajiye na'ura da ƙwararren ma'aikaci a kowace babbar kasuwar ma'adinai, a sa kuɗin awo daidai ƙarfin talaka, a ba shi takardar sakamako da Hausa. Hakimai da dagatai kuma su hana niƙa duk dutsen da ba a auna ba a cikin gari. Mutanen Zamfara sun riga sun biya kuɗin wannan darasi da 'ya'yansu, bai kamata a bari wasu su sake biya ba.