Saka Hoto a Jadawalin Excel: Fa'idodi da Illoli

Duk wanda ya san shagunan kwamfuta da ke kewaye da Jami'ar Jihar Nasarawa a Keffi ya san cewa aikin jadawali ba ya yankewa a cikinsu: sunayen ɗalibai, sakamakon jarrabawar makarantu masu zaman kansu, rajistar 'yan ƙungiya, lissafin kayan shago. Sau da yawa ba hannun mutum ne ke tsara waɗannan fayiloli ba. Wata ƙaramar manhaja ce da masu rubuta manhajoji ke kira laburare, wadda ake ɗorawa cikin babbar manhaja domin ta fitar da fayil ɗin Excel da kanta. Fitattu daga cikinsu kyauta ne, kuma lambobinsu a buɗe suke ga kowa: openpyxl da XlsxWriter a harshen Python, Apache POI a Java, PhpSpreadsheet a PHP. Dukkansu huɗun sun koyi saka hoto, kuma duk sabuwar da ta fito, ba a jimawa masu amfani da ita ke fara neman a ƙara mata wannan. Shin roƙon yana bisa hanya?

Sai mun fara sanin yadda hoton ke zama. Tun daga Office 2007, fayil mai ƙarshen xlsx ƙunshi ne na ƙananan fayiloli da aka matse wuri guda. Hoton yana can cikin wata folda ta daban, wani fayil yana faɗin gurbin da za a jingina shi, wani kuma yana haɗa su da shafin. Ma'ana, a tsarin da aka saba, hoton ba ya cikin gurbin. Yana bisa shi ne, kamar fasfo da aka ɗora kan fom ba a sa masa gam ba. Rabin matsalolin da za mu gani daga nan suka samo tushe.

Amfanin farko a fili yake: tantance mutum. A garin da za ka sami Muhammad Abdullahi uku a aji ɗaya, suna kaɗai bai isa ba. Takardar zaman jarrabawa mai ɗauke da fuska tana toshe wa sojan gona hanya, haka ma rajistar masu karɓar taki ko bashin ƙungiyar manoma. Kafin laburare ya iya wannan, sai wani yaro ya zauna yana jawo hotuna ɗaya bayan ɗaya yana daidaita su da linzami, wuta na ɗaukewa, janareta na shan mai. Yanzu layuka kaɗan na umarni sun ishe shi, kuma aikin yini ya koma na mintuna. Wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne ga mai shagon da ribarsa ke tafiya a kuɗin fetur.

Akwai kuma 'yan kasuwa. Mai sayar da atamfa ko kayan gyaran mota da ke tura jerin kayansa ga abokan ciniki a Abuja ya fi samun ciniki idan kowane farashi na tare da hoton kayan. Tambarin makaranta a saman takardar sakamako, hoton rijiyar burtsatse a rahoton aiki, duk suna ƙara wa takarda kwarjini. Sannan kasancewar abin kyauta yana da muhimmanci a wurinmu. Wani laburare mai suna SheetJS, alal misali, ya ajiye saka hoto a sashensa na kuɗi. Matashin da ke koyon aiki a Keffi ba shi da dalar biya, don haka laburaren da ya ba shi wannan a buɗe ya cire masa ƙaya.

To amma illolin ma ba na wasa ba ne, kuma na fi jin tsoron wadda ba ta hayaniya. Tunda hoton jingine yake, ba kullum yake bin layinsa ba idan aka sake jera sunaye, ko aka tace su, ko aka cusa sabon layi. Sunan Hauwa ya koma sama, fuskarta ta tsaya inda take, ta zama fuskar Ladi. Kwamfuta ba za ta yi gargaɗi ba. Takardar da aka yi domin tantancewa ta koma mai shaidar zur, kuma mai rauni ne zai kwana a ciki: ɗalibar da za a hana shiga jarrabawa, ko dattijon da za a ce ba shi ne mai suna ba. Microsoft ta kawo hanyar sanya hoto cikin gurbi sosai, ciki har da umarnin IMAGE a 2022, amma tsofaffin Office da suka cika shagunanmu ba su san shi ba.

Sai nauyi. Hoton waya guda yakan kai megabait 3. Ɗalibai 500 ke nan megabait 1,500, alhali Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce 25 a saƙo ɗaya. Ƙanƙance hoton a kan allo ba ya rage nauyinsa ko kaɗan, asalin yana nan cikin ƙunshin. Wanda ya sayi data da guminsa shi ke biya.

Batun sirri ya fi wannan girma. Jadawali abu ne mai saurin yawo: daga filashi zuwa WhatsApp, daga can zuwa inda Allah kaɗai ya sani. Idan ya haɗa suna, lambar waya, unguwa da fuskar 'yar mutane, ya zama guzurin ɗan damfara. Wasu hotunan waya ma suna ɗauke da bayanin wurin da aka ɗauke su a ɓoye. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora alhakin irin wannan a wuyan wanda ya tattara bayanan, ko makaranta ce ko ƙungiya.

Su ma masu kula da laburaren suna da nasu kason wahalar, kuma ba a cika tuna su ba. Akasarinsu 'yan sa kai ne. Wanda ya kawo gudummawar saka hoto yakan yi sallama ya tafi, ya bar su da ƙorafe-ƙorafe: hoton ya buɗe a Excel amma ya karkace a manhajar LibreOffice, ya miƙe a wannan allo ya tsuke a wancan. Ga dogaro da wasu: openpyxl na buƙatar wani laburaren mai suna Pillow kafin ta taɓa hoto, kuma a 2023 an gano wata ɓaraka a laburaren hoto na libwebp wadda ta sa manhajoji masu yawa, har da Pillow, fitar da gyara cikin gaggawa. Kowace sabuwar ƙofa sai an yi gadinta.

A ganina a ƙara wa laburare saka hoto, domin buƙatar gaskiya ce, amma a san matsayinsa. Jadawali mai hoto na bugawa ne da nunawa, ba rumbun ajiya ba. Ɗalibanmu na kimiyyar kwamfuta da masu shaguna a Keffi, ku ajiye hotuna a folda, kowane da lambar rajistar mai shi a matsayin suna, ku rage nauyinsu kafin sakawa, ku jera sunaye tun kafin hoto ya hau, sannan abin da za ku tura wa jama'a ku mayar da shi PDF. Wanda kuma Allah ya hore wa ilimin gyara lambobi, ya taimaka wa masu laburaren da gwaji da gyara, kada ya tsaya a roƙo kawai.